Ciyayyar da Ba Mu Kira Baƙi Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta da alayensa da sahabbansa.

Zuwa ga ɗana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sauke ka Kano lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin mutum, da sharrin ƙarfe mai juyawa. Na ba Innarka wannan takarda ta sa maka a ƙasan jaka, domin kada ka karanta ta a gabana, mu duka biyu mu rasa inda za mu sa ido.

Ka duba rubutun nan da kyau. Ba na Malam Nasiru ba ne, malaminmu na ajin yaƙi da jahilci, ba kuma na mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwar Anka ba ne. Hannuna ne. A cikin dattawan ajinmu ni na fara haɗa jimla ba tare da an riƙe mini alƙalami ba, kuma Malam da kansa ya faɗi haka a gaban kowa. Ba yabon kai nake yi ba, godiya ce ga Allah da Ya nufe ni da wannan bayan furfura ta fito. Malam ya ce a riƙa rubutu irin yadda ake magana a rediyo, to na bi umarninsa, amma maganar mutane na bar ta yadda ta fito daga bakinsu. Kai da ka yi sakandare za ka ga kurakurai. Ka bar su inda suke.

Ka kuma lura na rubuta sunanka a sama. Tun da aka haife ka ban taɓa kiransa da bakina ba, domin kai ne na fari, kuma ka san al'adarmu. Amma na gano alƙalami ba ya jin nauyin da baki ke ji. Saboda haka abin da na kasa gaya maka a zaure, zan gaya maka a nan.

Ranar kasuwar da Ɗanladi ɗan kwangila ya zo neman samari, na zauna da shi a rumfar mai shayi. Ka san shi, ɗan ƙasar nan ne da ya daɗe a Kano, yanzu shi ke kai wa kamfanin robar da za ka je lebura. Na ce masa, "Ɗanladi, mi ya sa ka baro Kano da samari cike da titi, ka zo hal Anka da Gummi da Bukkuyum neman hannu?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba Umaru, yaran can baki ya yi musu yawa. Yau ƙungiya, gobe safar hannu, jibi a ƙara albashi. An sallami na sallama. Ni yaran gida nake so, masu kunya, waɗanda in an ce su tsaya sai su tsaya."

Na ce, "To waɗanda anka sallama suna ina?"

Ya ce, "Suna nan bakin get ɗin kamfani suna shan rana."

Wannan magana ita ta sa ni ɗaukar alƙalami. Ina tsoron cewa wurin da za a tsayar da kai a kamfanin nan wurin wani ne, kuma mai wurin yana tsaye a waje yana kallonka. Ban hana ka tafiya ba, domin Ɗanladi mutum ne mai ƙara wa zance gishiri, ban tabbatar ba, kuma na ga yadda zuciyarka ta ƙwallafa a kan ka samu naka na kanka. Amma ni na taɓa zama a waje ina jin ƙarar inji a hannun wani, na kuma taɓa zama a ciki alhali 'yan uwana suna waje. Lokacin kana Gummi wurin kawunka kana karatu, abin da ka sani kaɗan ne. Bari ka ji shi daga bakin wanda ya yi.

Sa'ad da zinari ya bayyana a dajinmu, injinan da muka sani da niƙan dawa suka koma niƙan dutse. Na ajiye fartanya na tafi rumfar Alhaji Shu'aibu mai inji, wadda a lokacin tana cikin gari, bayan masallacinmu. Ban tambaye shi ladana ba. Na ga kamar abin kunya ne mutum irina, wanda kakansa na cikin waɗanda suka sari garin nan, ya tsaya ciniki kamar mai sayar da akuya. Na ce masa kawai, "Alhaji, ai ba za ka cuce ni ba." Shi kuwa ya ce, "Haba Malam Umaru, ai ni da kai ba mu yi haka ba." Da ƙarshen mako ya zo, sai aka ba mu rabin lada kuɗi, rabi kuma ragowar garin dutse a buhu, wai kowa ya je gida ya wanke, abin da ya samu rabonsa ne. Na ɗauko buhun a kai ina taƙama, ina ganin na zama abokin tarayyar Alhaji. Innarka ta tankaɗe shi, ta shanya shi a tsakar gida, a wurin da ƙanwarka Rabi ke rarrafe. Zinarin da ke ciki bai taɓa kai abin da aka zaftare mana ba, domin Alhaji ya riga ya tsame mai kyau. Abin da ke ciki da yawa dalma ce, gubar da ta shiga jinin yaran ƙauyukanmu a shekarar da kowa ya sani.

Saboda haka, ɗana, kafin ka taɓa inji ka tambayi ladanka da baki buɗe, a gaban shaidu, ka ji nawa ne, ranar da ake biya, da abin da za a yi maka idan ka ji rauni. Babu rashin kunya a cikin wannan. Kada kuma ka yarda a biya ka da wani abu wanda mai kamfani ne kaɗai ya san darajarsa. Idan ka tashi aiki, ka wanke jikinka, ka canja tufa, ka bar ƙurar wurin aiki a wurin aiki. Ban san ƙurar roba ba, amma ban ƙara amincewa da kowace irin ƙura ba.

Kuskuren da ya fi wannan girma shi ne wanda nake so ka karanta sau biyu.

Mu 'yan gari da ke aiki a rumfar, da azahar ake kawo wa kowa kwano daga gidansa, mu haɗa kwanuka a gindin tsamiyar da ke bayan inji, mu ci tare. Ciyayya ke nan, yadda iyayenmu ke yi a ƙofar gida. A wurin ciyayya ake yanke kowace magana ta maza: ranar gayya, ranar gyaran rijiya, wanda za a taimaka wa da rufin ɗaki. Kuma ba ma zama ciyayya da wanda ba mu san gidansu ba. To, a rumfar akwai baƙi da yawa, mutanen Maraɗi, da na Katsina, da na Yawuri, waɗanda zinari ya kawo. Su ba su da mata a nan. Sai su koma ɗaya gefen rumfar su jiƙa garin rogo da ƙuli-ƙuli. Idan ɗayansu ya gitta muna ci, mukan ce masa bismillah daga nesa, irin bismillar da kowa ya san ba gayyata ba ce. Shi ma ya ce alhamdu lillahi ya wuce. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka tarar ana yi, ba mu kuma taɓa tsayawa mun duba ba.

Da yara suka fara ciwo a Yargalma da Abare da nan wurinmu, aka fara cewa ƙurar dutse ce, sai maganar ta zo gindin tsamiya. Muka yanke cewa za mu nemi abubuwa daga Alhaji: a riƙa zuba ruwa a niƙa domin ƙura ta kwanta, a yi mana wurin wanka, a biya mu kuɗi zalla ba gari ba. Aka zaɓe ni in zama bakin jama'a, domin Allah Ya hore mini iya tsara magana, wannan kuwa sananne ne tun kafin in iya rubutu. Na isar da saƙo. Alhaji ya ce ruwa tsada gare shi. Muka ce to ranar Asabar ba mai taɓa inji.

Ranar Asabar muka zauna gindin tsamiya da fararen riguna, kamar masu jiran ɗaurin aure. Ina tsaye ina yi wa mutane jawabi a kan haƙƙin mai gumi, ban kai ƙarshe ba sai muka ji inji ya tashi. Baƙi ne. Alhaji ya raba musu injinan duka. Duk shawarar da muka yi, a kan kwano muka yi ta, su kuwa ba su taɓa zama kusa da kwanon ba. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai tuna ya je ya gaya musu ba. Ni da nake bakin jama'a ban lissafa su cikin jama'a ba.

Ba mu daɗe ba yunwa ta mayar da mu. Da muka koma, lada ya ragu, domin yanzu Alhaji ya san yana da wasu hannuwa. Masu injina kuma suka zauna a zaurensa suka kafa dokarsu, cewa duk leburan da aka samu yana tara lebura, ba wata rumfa da za ta ƙara ɗaukarsa a duk yankin. Ka lura da wannan, Lawali. Su suna da taronsu, suna shan shayi tare suna yanke farashin guminmu, amma namu taron sai aka kira shi fitina. Kuma raguwar ba ta tsaya a rumfa ba. Da damina ta zo, har kuɗin ƙwadago a gonaki ya faɗi, domin mai gona ya ji abin da ake biya a inji, ya ce don me shi zai biya fiye. Mutanen da ba su taɓa ganin cikin rumfar ba, su ma sun sha daga abin da muka zubar.

A cikin wannan hali ne Alhaji ya aiko a kira ni, ni kaɗai. Na san ya kamata in tafi da mutum biyu, amma raina ya ce ai girmamawa ce, manya da manya za su gana. Na sa babbar riga na tafi. Ya shimfiɗa mini darduma, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Ya ce, "Malam Umaru, kai dattijo ne, ba ka cikin waɗanga yara. Ni mutum nika so mai hankali da za ya riƙa duba mini aiki." Ya naɗa ni heluma, wato shugaban lebura. Ya ɗan ƙara mini lada, ya ba ni hular kwano da takunkumin rufe hanci. Guda ɗaya, nawa. Maganar ruwa da wurin wanka ya ce a bar ta tukuna, ni kuwa da lemonsa a cikina na kasa cewa a'a.

Washegari na shiga rumfa da takunkumi a fuska. Taubashina Mani ya ajiye shebur ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, hancin sarauta ya iso. Ku ba shi hanya. Mu namu hanci na talakawa ne, ƙura ba ta kama shi."

Na ce, "Mani, ka kiyayi bakinka, yanzu ni ka rubuta sunan mai aiki." Alhali a lokacin ko baƙi ɗaya ban iya rubutawa ba.

Ya ce, "To rubuta ni, in ka gama ka karanta muna mu ji."

Kowa ya yi dariya. Da azahar ta yi, ba wanda ya kore ni daga ciyayya, amma da na zauna sai hira ta koma ta farashin gero. Shi ke nan, na fita daga cikin shawara.

Nasihata a nan gajeriya ce. Idan mai kamfani ko manajansa ya kira ka kai kaɗai a kan maganar da ta shafi kowa, ka ce masa cikin ladabi za ka zo da mutum biyu. Idan ya ƙi, to ba maganar kowa zai yi ba, farashinka zai tambaya. Kana da takardar sakandare, kana da natsuwa, irinka ake fara kira. Duk wata kariya da za a ba ka kai kaɗai, ka tambaya ina ta sauran.

Yanzu zan zo kan abin da nake gode wa Allah a kansa kullum. Wata rana da rana tsaka ina rumfa, Innarka ta zo da gudu ba ko mayafi, ta ce Rabi na jijjiga, idanunta sun juye. Ba ranar kasuwa ba ce, babu mota. A cikin baƙin nan akwai Hamidu, mutumin Maraɗi, mai tsohon babur da yake ɗaukar buhunan dutse da shi. Shi ne mutumin da ya fara tayar da inji ranar Asabar ɗin nan, kuma tun daga ranar ban ƙara amsa gaisuwarsa da kyau ba. Bai jira na roƙe shi ba. Ya kwance buhunan ya zubar a ƙasa, ya ce, "Heluma, ɗauko ɗiyar ka hau." Na rungume ta a baya, ya kai mu asibiti a Anka, inda likitocin da suka zo saboda gubar ke karɓar yara. Ya rasa ladan yininsa saboda mu.

Muna zaune a inuwa muna jiran abin da likita zai ce, sai na ga ya kamata in yi masa godiya irin ta manya. Na fara tsara magana. Ya katse ni ya ce, "Malam Umaru, tun da muke aiki rumfa guda, ka taɓa tambayata sunan garinmu?"

Ban taɓa tambayarsa ba.

Ya ce, "Ranar da kunka zauna gindin tsamiya da fararen riguna, Alhaji ya ce muna 'yan gari sun taru za su kori baƙi, in muna son zama mu kama inji. Mu ba mu san ruwa kunka nema ba. Ni ma ƙurar nan nika shaƙa, ka ji tarin da nika yi. Da sau guda kun ce mu matso ga kwano da gaske, da mun ji abin da ake ciki."

Na ce, "Ai muna yi muku bismillah."

Ya ce, "Wagga bismillah taku ko kaza ba ta kira." Ya yi dariya, ni ma na yi, ko da yake ba dariya ce a raina ba. Sa'an nan ya gaya mini cewa ladan da aka ba su a ranakun nan bai kai namu ba, kuma bayan mun koma aka rage nasu su ma. Ashe an yi amfani da su an karya mu, an kuma yi amfani da mu an karya su, kowannenmu yana zaune a gefensa na rumfa yana jin haushin ɗan uwansa.

Rabi ta tashi, alhamdu lillahi. Ka san maganarta ta yi jinkiri, ka san har yanzu sai an maimaita mata abu, amma ga ta nan tana zuwa Islamiyya da allonta, alhali gidaje da yawa a ƙauyukan nan sun binne nasu. Ban isa in gode wa Allah a kan wannan ba. Ina gode wa likitocin nan da ban san sunayensu ba, ina gode wa waɗanda suka zo suka kwashe ƙasar tsakar gidajenmu aka zuba sabuwa, ina kuma gode wa Hamidu har ranar da za a sa ni a kabari.

Bayan an fitar da injina bayan gari saboda gubar, aiki ya dawo, na ce wa Innarka ta ƙara awo. Da azahar na tashi da ƙafata na zagaya ɗaya gefen rumfar, na kama hannun Hamidu na kawo shi gindin itacen da muke ci. Mani ya dube ni ya ce, "Yau kuma hal da mutanen Maraɗi? Miyar za ta kai?" Hamidu ya ce, "In ba ta kai ba mu ƙara mata garin rogo, Baba, mu mun saba." Mani ya matsa masa. Washegari baƙi uku suka zo, daga baya sai duka. Wasu dattawa sun yi gunaguni cewa mun ɓata al'ada. Ni dai a nawa nazarin, ba mu ɓata ta ba, faɗaɗa ta muka yi, kuma ina ganin tarihin garin nan zai ba ni gaskiya.

Da muka sake komawa wurin Alhaji, mu huɗu muka je, 'yan gari biyu, baƙi biyu. Na ajiye masa hularsa da takunkuminsa a kan darduma, na ce ko na kowa ko ba na kowa ba. Ya tuna mana da dokar masu injina. Hamidu ya ce, "To Alhaji, kore mu duka, sai ka tada injin da kanka." Alhaji ya duba, ya ga babu wani gefen rumfa da zai aika a kira. Muka samu ruwa a niƙa, muka samu wurin wanka, aka daina biyanmu da gari. Lada bai koma yadda yake da fari ba har na bar aikin, kada in yi maka ƙarya. Abin da aka rage a mako guda, shekaru ba su mayar da shi ba. Amma mun koma gida da jiki mai tsabta, kuma na gode.

Ni ba lauya ba ne, amma ina sauraron rediyo da kyau, kuma na yi wa Malam Nasiru tambayoyi, shi da ya taɓa shiga yajin aikin malamai. Abin da na fahimta shi ne, a birni ma haka abin yake, sai dai can da takarda ake yi. Akwai dokar da ta ce wanda ya shiga yajin aiki ba shi da ladan kwanakin da ya yi a waje, saboda haka yunwa ke mayar da mutane kamar yadda ta mayar da mu. Kuma wanda ya shiga ta hannun ɗan kwangila irin Ɗanladi, sau da yawa kamfani kan ce ba ma'aikacinsa ba ne, na ɗan kwangila ne, sai ya rasa ƙofar shiga ƙungiya, a kuma biya shi ƙasa da wanda suke tsaye inji ɗaya. Ina ganin duk inda aka hana masu gumi haɗa baki, lada ƙasa yake yi, kuma ba na 'yan ƙungiya kaɗai ba, har na wanda ke ganin ba ruwansa. Wannan ban karanta shi a littafi ba, a gonakinmu na gan shi.

To, yanzu kai ne baƙon. Kai ne mutumin da aka ɗauko daga nesa domin ba ka san kowa ba, ba ka san abin da ya faru ba. Za a gaya maka cewa waɗanda ke bakin get malalata ne, ko 'yan fitina, ko suna ƙin mutanen Zamfara. Kada ka karɓa, kada kuma ka ƙaryata, sai ka ji da kunnenka. Kada ka jira su kira ka, domin wataƙila su ma irinmu ne, ba za su tuna ba. Ka bincika inda suke cin abinci, ka sayi naka, ka je ka yi sallama ka zauna. Za su harare ka, wani ma zai zage ka, ka haƙura, mutumin da aka raba da abincinsa ba ya iya zaɓen kalma. Ka gaya musu sunanka da sunan garinku, ka tambaye su abin da suka nema har aka kore su. Ka ja yaran Gummi da na Bukkuyum da kuka tafi tare su ma su ji. Kada ka ɗauki dutse, kada ka taɓa dukiyar kamfani, kada ka kai maganar wani wurin manaja ko da an yi maka alkawarin girma. Ka riƙe salla a kan lokacinta.

Idan ka bincika ka tarar Ɗanladi cika baki ya yi, wurin da aka ba ka ba na kowa ba ne, to ka yi aikinka da gaskiya, ka ba mai kamfani cikakken guminka, domin shi ma yana da haƙƙi a kanka. In akwai ƙungiya ka shiga, ka riƙa zuwa taro, kada ka yi saurin karɓar shugabanci kamar yadda wani ya yi.

Idan kuwa ka tarar gaskiya ne, an kawo ku ne domin a karya waɗancan, to a nan ne na daɗe ban rubuta komai ba. Na san abin da gidan nan ke bukata, na san kuma abin da za a ce a gari idan ka dawo kafin wata ya cika. Na kasa yankewa ni kaɗai, sai na je na sami Innarka tana tsinkar zogale, na karanta mata takardar tun daga sama, ina tsayawa a wuraren da suka fi tsari domin ta ji daɗinsu.

Ta ce, "Duk wanga dogon zance, ina wurin da ka ce mishi ya dawo?"

Na ce, "Shi nika tunani. In ya dawo hannu wofi, mutane za su ce ɗan Umaru ya kasa."

Ta ce, "Mutane sun ce hancin sarauta ma, ka mutu? Gero na rumbu, gona na nan, ɗakinai ban ba kowa ba. Ni ban haifi ɗan da za ya ci abincin wani yana kallo ba. Ka rubuta mishi ya dawo."

Na ce, "To, zan tsara shi yadda ya dace."

Ta ce, "Kada ka tsara komi. Kuma ka rubuta ni na ce, kada ka je ka ce kai ka ce."

Ga shi na rubuta yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Innarka ce ta ce ka dawo. Ni kuma na sa hannu a ƙasa, kuma ranar da ka sauka a tasha da jakarka kaɗai, ni zan zo in ɗaukar maka ita a gaban kowa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka halal komai ƙanƙantarsa, Ya nisanta ka da haƙƙin wani. Allah Ya tsare yatsunka da idanunka da ƙirjinka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba, Ya dawo mana da kai lafiya, ko da wuri ko a daɗe. Rabi tana gaishe ka, Mani ma ya ce a gaishe ka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka,
Umaru, da hannunsa.